Yadda ake rina tsoka da antibodi don ganin ko ƙwayar gado tana aiki

Yawancin masu koyon wannan aiki da ake kira IHC hankalinsu na kan kwalbar antibodi ne, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke gane wani abu takamaimai ya manne masa, wace za a saya, nawa za a tsarma, alhali a abin da na gani shekara da shekaru, silaid ɗin da ya lalace tun kafin antibodi ta taɓa shi ya lalace. Shi ya sa za ka ga na daɗe a kan matakan farko da kuma maganar shaida.

Abin da kake buƙatar sani a taƙaice shi ne, idan ƙwayar gado tana aiki a cikin ƙwayar halitta to ana kwafo saƙonta zuwa mRNA, daga nan a ƙera furotin. Antibodi furotin ɗin take kamawa, ba saƙon ba. Wato idan mRNA kake son gani to wata hanya ce daban, ISH. Mu a nan muna sa antibodi ta farko ta kama furotin, ta biyu ta kama ta farkon, ita ta biyun tana ɗauke da enzayim HRP wanda ke juya sinadarin DAB ya zama ruwan ƙasa a daidai wurin da furotin yake. Albert Coons ne ya fara nuna wannan dabara a 1941 da antibodi mai ƙyalli, daga baya aka kawo ta enzayim wadda maikiroskof na yau da kullum ke iya gani.

Kayan aiki

Fomalin kashi 10 mai bafa (bafa ruwa ne mai tsayar da pH), bulok ɗin farafin (kakin da aka binne tsoka a ciki), maikirotom (na'urar yanka tsoka siriri) da sabuwar reza, kwanon ruwan ɗumi, silaid masu caji, oban da ke tsayawa a digiri 60, zailin, etanol, ruwa tsarkakakke, bafar sitiret pH 6 da Tris-EDTA pH 9, tukunyar matsi ko wani abin dumamawa, haidirojin feroksaid kashi 3, TBS ko PBS mai ɗan Tween 20, siram na toshewa ko BSA, antibodi ta farko da ruwan tsarma ta, antibodi ta biyu, DAB, hematoksilin, DPX (gam ɗin rufe silaid) da murfin gilashi. Sai fifet, agogo, fensir, alƙalamin PAP (mai zana layin da ke tare ruwa), akwatin laima, safar hannu da tabarau. Sai tsokar shaida, wadda ka riga ka san furotin ɗin yana cikinta.

Idan babu akwatin laima na saye, samu roba mai murfi ka shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda a ƙasa, ka jera tsofaffin fifet biyu a kai su zama gadon silaid, ya wadatar. Idan babu silaid masu caji a shafa wa na yau da kullum poly-L-lysine ko APES. Silaid tsirara kam kada ka gwada, tsokar za ta ɓalle a wurin dumamawa.

1. Zaɓen antibodi

Kafin komai karanta takardar da ke zuwa da kwalbar. Abu huɗu nake dubawa: a jikin wace dabba aka samar da ita, zomo ne ko ɓera, tsokar wace halitta take ganewa, an gwada ta a tsokar fomalin da farafin ko kuwa a westan bulot kawai (gwajin furotin da aka ciro daga tsoka), sai sunan kulon, wato zuriyar ƙwayar da ke samar da antibodin. Wannan na ukun yana kayar da mutane sosai, antibodi na iya aiki lafiya lau a bulot amma a tsoka ko alama, saboda siffar furotin ɗin ba ɗaya ba ce a wuraren biyu.

Monokulonal wuri ɗaya tak take kamawa a jikin furotin, tun 1975 da Köhler da Milstein suka fito da hanyar samar da ita ake samun iri ɗaya daga kwalba zuwa kwalba. Folikulonal tana kama wurare da yawa, sau da yawa ta fi ƙarfi amma ta fi kawo datti, kuma sabon rukuni na iya bambanta da tsoho. Mai koyo ni dai ina ba shi shawara ya fara da sanannen kulon, kamar MIB-1 mai kama furotin Ki-67 ko L26 mai kama furotin CD20, a kan tansil (ƙullin nan na cikin maƙogwaro), don an san sarai yadda ya kamata su fito.

Antibodi ta biyu dole ta dace da dabbar ta farko, in ta farko ta zomo ce to ta biyu mai kama ta zomo. Sannan idan tsokar ɓera kake rinawa da antibodin ɓera, ta biyun za ta kama antibodin da ke cikin tsokar tun asali, ko'ina ya yi ruwan ƙasa. Nemi ta zomo, ko kit na musamman da aka yi don wannan matsala.

Da kwalba ta iso, in takardarta ta ce a daskarar, raba ta ƙanana-ƙanana ka sa a firiza digiri 20 ƙasa da sifili, don daskarewa da narkewa akai-akai na kashe ta. Wadda aka ce a ajiye a digiri 4 a bar ta a firij.

2. Jiƙa tsoka a fomalin

Nan ne asalin aikin. Daga lokacin da aka yanko tsoka daga jiki furotin ya fara lalacewa, saboda haka ta shiga fomalin da wuri, a tsokar sankarar mama ƙa'idar ita ce kada a wuce awa 1. Kaurin yanka kada ya wuce milimita 3 zuwa 4, fomalin kuma ya ninka tsokar aƙalla sau 10. Fomalin a hankali yake ratsawa, kusan milimita 1 a awa, don haka in ka jefa ƙaton ƙulli gaba ɗaya a ƙaramar kwalba, bayansa zai jiƙu cikinsa kuwa yana ruɓewa, sai ka zo ka ga gefe ya rinu tsakiya fayau ka ɗauka antibodi ce ba ta da kyau.

Lokaci: awa 24 ya yi wa yawancin tsoka. Ga ER da HER2, furotin biyu da ake dubawa a sankarar mama, abin da aka yarda da shi awa 6 zuwa 72 ne. Ƙasa da haka tsokar ba ta kama ba, etanol ɗin da ke gaba shi zai ƙarasa ta kuma rinin ya fito dabbare-dabbare. Fiye da haka fomalin ya ɗaure furotin tamau ya rufe wurin da antibodi za ta kama. A cikin biyun rashin isa ya fi muni, don wanda ya wuce ana iya ceto shi da dumamawa, wanda bai isa ba kuwa babu dabara. Rubuta lokacin shiga da lokacin fita a takarda, kada ka dogara da tunani.

Fomalin ya zama mai bafa, pH wajen 7. Mai tsami yana barin baƙin ɗigo-ɗigo musamman inda jini yake. Idan ƙashi ne ake son tausasawa, EDTA ta fi asid mai ƙarfi tausayin furotin duk da tana cin lokaci.

3. Yanka da gasawa

Sanyaya bulok a kan ƙanƙara, ka yanka maikiron 4. Shimfiɗa a ruwan ɗumi digiri 40 zuwa 45, tsaftatacce, ba tare da gam ko jelatin ba in silaid masu caji ne. Ɗauko shi ba tare da lanƙwasa ko kumfa ba, duk inda ya naɗe nan rini zai taru. In da hali ɗora tsokar shaida a kan silaid ɗaya da tsokar da kake gwadawa, ta haka duk abin da ya samu ɗaya ya samu ɗayar. Rubuta lamba da fensir, biro zailin zai wanke shi.

Tsayar da silaid ruwan ya tsane tukuna, sannan oban digiri 60 na minti 30 zuwa 60. In ka gasa da ruwa a ƙarƙashin tsokar, wurin zai ɗaga daga baya. Kuma kada ka yanka da yawa ka ajiye, silaid ɗin da ya yi makonni a sarari ƙarfin rininsa na raguwa, bulok ya fi riƙe furotin.

4. Cire kaki

Zailin sau 3, minti 5 kowanne. Etanol kashi 100 sau 2, sai 95, sai 70, minti 3 kowanne, sai ruwa. A yi wannan a ƙarƙashin na'urar zuƙe tururi. Zailin ɗin ya zama sabo, tsoho yana barin kaki, kakin kuma ba ya barin ruwa ya shiga sai ka ga fararen tsibirai a cikin rini.

Daga wannan mataki har zuwa ƙarshe doka ɗaya ce, tsoka ba ta bushewa. Ko na minti ɗaya.

5. Buɗe wurin kamu da zafi

Fomalin ya ɗaure furotin, zafi da bafa su ke kwance shi. Wani masani mai suna Shan-Rong Shi da abokan aikinsa suka wallafa wannan hanya a 1991, kuma ita ta sa antibodi da yawa suka fara aiki a tsokar farafin. Takardar antibodi za ta gaya maka bafar da za ka ɗauka. In kai za ka haɗa: sitiret, giram 2.94 na tiraisodiyam sitiret daihaidiret a lita 1 na ruwa, ka sauko da pH zuwa 6.0 da HCl, ka ƙara rabin mililita na Tween 20. Tris-EDTA kuwa giram 1.21 na Tris da giram 0.37 na EDTA a lita 1, pH 9.0. Auna pH ɗin da mita kada ka yi kirdado.

Na pH 9 ya fi fito da rini a antibodi da yawa amma ya fi wahalar da tsoka, mai kitse kamar ta mama tana iya ɓallewa. Idan takarda ba ta faɗi komai ba gwada duka biyun gefe da gefe.

Ni tukunyar matsi na fi so don zafinta daidai yake a ko'ina: bafa ta tafasa, a sa silaid, a rufe, in matsi ya cika a ƙirga minti 3. Ta gida ma tana yi, amma ta zama ta lab har abada. In babu, kwanon ruwan zafi digiri 95 zuwa 98 na minti 20 zuwa 40. Maikirowef ma ana yi da shi sai dai yana da wuri mai zafi da mai sanyi, kuma bafa na ƙonewa, dole ka tsaya a kai kana ƙarawa don kada kan silaid ya fito.

Bayan an sauke bar silaid a cikin bafar su huce minti 20 zuwa 30. Masu gaggawa nan suke ɓata aiki, ka ciro silaid mai zafi iska ta buge shi nan take ya bushe. Wasu antibodi kaɗan enzayim suke so maimakon zafi, kamar furotines K ko fefsin, su kuma in suka wuce lokaci cinye tsokar suke.

6. Toshe abin da zai yi maka ƙarya

Goge ruwan da ke kewaye da tsokar, ka zagaye ta da alƙalamin PAP, ka bar ɗan fili kada layin ya taɓa ta. Ɗiga haidirojin feroksaid kashi 3 na minti 10. Dalili shi ne jajayen ƙwayoyin jini da wasu farare suna da nasu feroksides, in ba ka kashe shi ba za su juya DAB da kansu ko babu antibodi. A saifa da ɓargo abin ya fi yawa. Feroksaid ɗin da ya daɗe a buɗe ya zama ruwa kawai, riƙa haɗa sabo.

Wanke da bafa, sai siram kashi 5 zuwa 10 na minti 30, na dabbar da aka samar da antibodi ta biyu a jikinta, in ta akuya ce to siram ɗin akuya. In babu, BSA kashi 1 zuwa 3. Bayan wannan ba a wankewa, a karkata silaid ya tsiyaye kawai.

In tsarin abidin da bayotin kake amfani da shi, wato inda waɗannan biyun ke haɗa enzayim da antibodi ta biyu, ka sani hanta da ƙoda cike suke da bayotin nasu, sai an toshe shi daban. Tsarin folima, inda enzayim da antibodi ta biyu suke zuwa a haɗe ba bayotin, ba shi da wannan ciwon kai, shi ya sa na fi son sa ga mai koyo.

7. Antibodi ta farko

Adadin da ke takarda mafari ne kawai. Sabuwar antibodi sai ka gwada ta a tsokar shaida, misali 1:50, 1:100, 1:200, 1:400, ka zaɓi wanda ya ba da rini mai ƙarfi a inda ya kamata, bayan fage kuma tas. Mafi duhu ba shi ne mafi kyau ba. Lissafin ba wuya, 1:100 na nufin maikirolita 1 na antibodi a cikin 99 na ruwan tsarmawa. Amma fifet ba ya auna maikirolita 1 da kyau, gara ka haɗa 5 a cikin 495. In sabon rukuni ya zo, sake gwada shi kusa da tsohon.

Ɗiga maikirolita 100 zuwa 200, ya rufe tsokar har gefuna, duba da idonka ta gefe ko akwai kumfa. Awa 1 a zafin ɗaki ko kwana a digiri 4 cikin akwatin laima. In furotin ɗin kaɗan ne a tsokar, na kwana ya fi. Akwatin ya zauna a daidai, akwai ranar da na bar shi a kan shiryayyen firij da ya ɗan karkata, da safe ruwan ya gangare gefe ɗaya, rabin kowace tsoka ya bushe ya yi duhu kamar an ƙona, silaid 12 na sake daga farko kuma ɗaya daga cikin bulok ɗin tsokarsa ta kusa ƙarewa. Tun ranar sai na ɗiga ruwa a kan silaid mara komai na ga ya tsaya kafin in rufe.

A wannan mataki ne kake ware silaid ɗin shaidar babu: tsoka iri ɗaya, komai iri ɗaya, amma maimakon antibodi ta farko ka sa ruwan tsarmawa zalla, ko mafi kyau antibodi irin ajinta daga dabba ɗaya wadda ba ta kama komai a tsokar.

8. Antibodi ta biyu da DAB

Wanke sau 3, minti 5 kowanne. Kada ka fesa bafa kai tsaye a kan tsoka, sa ta gangaro daga sama. Sa ta biyu minti 30, ka sake wankewa sau 3. A kula, sodiyam azaid yana kashe HRP, kada ya kasance a bafar wanki ko a ruwan ta biyu. Wanda ke cikin kwalbar ta farko wanki na fitar da shi. Idan kuma alkalin fosfates ne enzayim ɗinka to TBS za ka ɗauka, fosfet ɗin PBS yana hana shi aiki.

DAB a haɗa shi lokacin da za a yi amfani da shi. Ana zargin yana jawo sankara, saboda haka safar hannu, kuma ragowarsa a tara a kwalba daban ta shara mai haɗari, ba a zuba shi a sink. Ɗiga, ka sa ido a silaid ɗin shaida a maikiroskof, yawanci minti 2 zuwa 10. Da ya fito sarai tsoma a ruwa ya tsaya. Duk silaid ɗin da za ka kwatanta da juna lokacinsu ya zama ɗaya. Kada ka bar wani ya daɗe wai don kana son ya fito, in ka bar DAB ya daɗe komai ma zai yi ruwan ƙasa.

Tsokar fata mai melanin, launinta da na DAB kusan ɗaya ne, nan sai a koma jan rini. AEC ja ne amma etanol na narkar da shi, don haka ba a bi da shi ta etanol da zailin, da abin rufewa mai ruwa ake rufe shi.

9. Hematoksilin da rufewa

Sakan 30 zuwa minti 1, sai ruwan famfo na minti 5 har ya koma shuɗi. Ya zama mara nauyi, musamman in furotin ɗinka a cibiyar ƙwaya yake, shuɗi mai kauri yana binne ruwan ƙasa mai rauni. Sai etanol 70, 95, 100 sau 2, zailin, DPX, murfin gilashi.

10. Karantawa

Kada ka fara da tsokar da kake ɗokin gani. Fara da shaidar akwai, wato tsokar da ka san furotin ɗin yana cikinta. A tansil, Ki-67 zai cika tsakiya mai haske ta ƙananan ƙullayen da ke cikin tsokar, cibiyoyin ƙwayoyi ruwan ƙasa cunkus, gefe kuma jefi-jefi. CD20 zai zagaye ƙwayoyin cikin ƙullayen kamar zobe, CD3 kuma ya fi yawa a tsakanin ƙulli da ƙulli. In shaidar akwai ba ta fito ba, duk abin da ka gani fari a sauran silaid ba sakamako ba ne, ba za ka ce furotin babu ba, aikin ne bai yi ba. Sai shaidar babu, ita ya kamata ka gan ta shuɗiya zalla, duk ruwan ƙasan da ke cikinta ka cire shi daga lissafi.

Sannan tambayi kanka, rinin yana inda furotin ɗin ke zama? Ki-67 da ER a cibiya, HER2 da CD20 a fatar ƙwaya, saitokeratin a cikin jikin ƙwaya. ER da ya fito a jikin ƙwaya cibiya fayau ba a ƙirga shi. Kada ka karanta gefen tsoka, ko inda ta naɗe, ko matacciyar tsoka, ko inda aka murƙushe da hantsaki, duk suna shan rini na banza. Nemi shaidar cikin gida ma, misali a tsokar mama lafiyayyun bututun nono wasu cibiyoyinsu kan ɗauki ER, in ƙari ya fito fari su ma fari to ka yi shakkar fomalin ɗin.

Ƙirga kuma da ƙa'ida ake yi. ER ana ce masa akwai in kashi 1 cikin 100 na cibiyoyin ƙwayoyin ƙari ko fiye suka rinu. HER2 ana ba shi 0, 1+, 2+ ko 3+, shi 2+ sai an tura ISH a tabbatar. Irin wannan sakamako magani ake ɗora wa mutum a kansa, likitan tsoka ne ke sa masa hannu, kai naka shi ne silaid ɗin da ka miƙa masa ya zama gaskiya. A aikin bincike kuwa, in antibodin ba sananniya ba ce, mafi ƙarfin hujja ita ce tsokar da aka cire wa ƙwayar gadon gaba ɗaya ta fito fari. In babu ita, gwada wata antibodi da ke kama wani ɓangare daban na furotin ɗin ka ga ko hotonsu zai zo ɗaya, ka kuma kwatanta da hotunan Human Protein Atlas a intanet.

In abu ya ƙi, canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Komai fari har shaida: duba ko ta biyu ta dace da ta farko, ko azaid ya shiga, ko DAB ya tsufa, sannan pH ɗin bafa. Komai ruwan ƙasa har shaidar babu: matsalar daga feroksaid ce ko toshewa ko ta biyu ko bushewa. Shaidar babu tas amma sauran da datti: ta farko ta yi kauri, ƙara tsarma ta ka tsawaita wanki. Tsoka na ɓallewa: ƙara lokacin tsanewa da gasawa, ko ka sauko daga pH 9 zuwa 6. Kowane zagaye rubuta kulon, lambar rukuni, tsarmawa, bafa, mintunan zafi da mintunan DAB a littafi, ka ajiye silaid ɗin shaida na ranar tare da sauran a akwati ɗaya.